Na Tafi Jos da Fentin Kanti, Na Dawo da Ƙasa

Tun a tashar mota a Zariya aka fara yi mini tambaya a kan allon. Ɗan kamasho ya ɗaga shi, ya ƙwanƙwasa, ya dubi ƙafafunsa uku da na ɗaure da tsumma, ya ce, "Malam, na awon fili ne?" Na ce a'a, na zane ne. Ya gyaɗa kai, ya cusa shi a but tsakanin buhun masara da jarkar manja, muka kama hanya.

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare. Zane ba sana'ata ba ce, ban kuma taɓa zama a aji an koya mini shi ba, duk da cewa a garin da nake zaune akwai sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya yi suna a faɗin ƙasar nan. Shekara shida ke nan ina yi da daddare bayan na gama duba takardun ɗalibai, kuma duk abin da na zana a tsawon shekarun nan daga hoton waya na kwafo shi. Ba na zana mai rai. Tun farko na zaɓar wa kaina haka, duwatsu da itatuwa da gine-gine da sararin sama sun ishe ni. Abin da ya daɗe yana ci mini rai shi ne, zanen yana fitowa tsaf, amma babu iska a cikinsa. Wanda ya kalla zai ce ya yi kyau, ba zai ce na san wurin nan ba. Shi ya sa da hutun Disamba ya zo na ce zan tafi Jos wurin Baffana, in zauna a gaban dutse ido da ido.

Muka bi ta Pambeguwa da Saminaka. Daga Jengre ƙasa ta fara tashi, mota ta fara nishi, duwatsu suka fara fitowa gefen hanya, wani a kan wani kamar an jera su da hannu. Ta wannan shiyya ce ƙaramin jirgin ƙasa ya riƙa bi tsakanin Zariya da Jos da Bukuru tun 1914, yana jigilar kuza, har aka rufe layin a 1957. Jos tana zaune ne sama da mita 1,200 daga matakin teku, kuma ba sai an faɗa maka ba, fatarka ce za ta faɗa maka. Da magariba muka isa. Kafin in gama gaisawa da Baffa a zaurensa da ke Gangare, Inna ta aiko mini da rigar sanyi da shayi mai citta, tare da saƙon cewa sanyin Zariya ƙanen wannan ne.

Washegari bayan asuba Auta, ɗan Baffa na ƙarshe, ya ɗauke ni a keken da yake haya da shi zuwa madatsar ruwan Lamingo, inda ake hango tsaunukan Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 1,829. Na kafa allo, na liƙa takarda, na buɗe akwatin fentin ruwa mai gida goma sha biyu da na saya da tsada a Kaduna. Yatsuna sun ƙage, sai da na riƙa hura musu iskar baki. Na jiƙa buroshi, na ja shuɗi daga hagu zuwa dama don in shimfiɗa sama. Kafin in dawo in ɗora layi na biyu, na farko ya bushe ƙayau. A ɗaki, da daddare, tagogi a rufe, fenti yakan jira ni. A nan iskar hunturu ba ta jiran kowa. Sama ta fito layi-layi kamar saƙar gwado.

Na ce bari in koma akirilik, wani fenti mai kauri da in ya bushe yake zama kamar roba. Shi kuwa a bakin buroshi ya riƙa daskarewa, kafin hantsi na yi asarar buroshi biyu. Ina cikin wannan fama iska ta taso daga wajen ruwa ta kifar da allon, takarda ta faɗa cikin ƙura. Auta bai ce komai ba. Ya zazzage jakar da muka zo da burodi a ciki, ya zuba duwatsu, ya rataye ta a tsakiyar ƙafafun allon. Ya ce, "Yaya, haka masu rumfa ke yi a Farin Gada." Daga nan allon bai sake motsi ba.

Amma babbar matsalar ba bushewa ba ce, ba kuma iska ba. Launi ne. Abin da ke gabana babu kore a cikinsa irin wanda ke akwatina, babu shuɗi irin nawa. Tsaunin da ya fi kusa yana da duhu, ruwan toka mai ratsin ja. Na bayansa ya fi shi haske. Na can ƙarshe kuwa da ƙyar ka raba shi da hazo, sai ka ce an zana shi ne da hayaƙi. Ciyawa ta bushe ta koma ruwan zuma. Inuwar da ke ƙarƙashin duwatsu, wadda shekara shida nake zuba mata baƙi, da na dube ta da kyau ashe ba baƙa ba ce, shuɗi-shuɗi ce mai ɗan ja a gefen da ƙasa ke mayar mata da haske. Na ɗauki hoton wurin da waya na gwama da abin da idona ke gani. Wayar ta ƙara wa sama shuɗi, ta fito da tsaunin nesa ƙarara, ta mayar da inuwa baƙi ƙirin. Ashe shekara shida abin da waya ta ga dama nake zanawa. Fentina kuma duk masu ƙyalli ne kamar atamfar sallah. In na cakuɗa uku ko huɗu don in kashe musu kaifi, sai su koma caɓi. Kwana biyu na yi a bakin ruwan nan, rana ta biyu da fentin mai, wanda shi bai bushe ba amma ya kwashi ƙura har fuskarsa ta yi kaushi. Ban dawo da takarda ɗaya da zan iya nuna wa Baffa ba.

Rana ta uku hannuna ya tsage, na ce bari in huta in je Gidan Tarihi. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, shi ya kafa shi a 1952, kuma asalinsa ma daga haƙar kuza ne. A 1928 masu haƙa a kusa da ƙauyen Nok, wanda yanzu yake Jihar Kaduna, suka fara tono wasu sassaƙe-sassaƙe na gasasshen yumɓu, daga baya aka gane sun haura shekara 2,000. Na daɗe a zauren tukwane. Tuluna da randuna da kaskuna daga sassan ƙasar nan daban-daban, kowanne da irin jansa, wani kamar goro, wani kamar hanta, wani da baƙin tabo inda wuta ta lashe shi. Daga nan na gangara ɓangaren gine-ginen gargajiya, inda aka sake gina wasu shahararrun gine-gine da ƙasa, har da ganuwar Kano da tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani. Na zauna a gindin bango da gawayi da takarda. Mutumin Zazzau ne ni, amma sai a Jos na zauna awa biyu ina bin lanƙwasar bakan gizo na ginin garinmu da ido. Gawayin ya yi mini daɗin aiki ƙwarai, ba ruwansa da hunturu. A nan ne wani tunani ya fara ɗarsuwa a raina, cewa duk abin da ya burge ni a gidan nan da ƙasa aka yi shi, ba wanda ya je kanti. Ban dai kai tunanin ƙarshe ba.

Da na ce washegari ina son zuwa bakin ɗaya daga cikin tafkunan kuza, wato tsofaffin ramukan haƙa da ruwa ya cika, da ke tsakanin Rayfield da Bukuru, sai Baffa ya ce da shi za a je. Na ce, "Baffa, da sanyin nan?" Ya ce, "Da ɗan gari akan ci gari." Gaskiyarsa kuwa. Ban gama kafa allon ba wasu samari uku suka iso, suka yi sallama, suka tambayi abin da muke aunawa da wanda ya aiko mu. Ban ji haushinsu ba ko kaɗan. Garin da ya ga abin da Jos ta gani tun 2001, ba za ka zargi mutanensa ba don sun tambayi baƙon da ya zo ya tsaya yana ƙare wa unguwarsu kallo yana rubuce-rubuce. Baffa ya ce su kai mu wurin mai unguwa. Muka je, muka gaisa da Hausa, na buɗe masa littafin zanena ya duba shafi-shafi, ya tsaya a kan masallacin da na yi jiya. Ya ce mu je mu yi aikinmu, ya kuma sa ɗaya daga cikin samarin ya zauna tare da mu. Duk mai son zane a fili, a Jos ko a ko'ina, ina ba shi shawara ya fara da wannan gaisuwa kafin ya buɗe akwatin fenti.

Tafkin shiru yake, ruwansa kore-kore, ba ya motsi. Itatuwan turare sun kewaye gefe ɗaya. Ɗaya gefen kuma gaɓa ce tsaye kamar an yanka da wuƙa, tsayinta ya fi na gidan sama. Can ƙasa, inda wata 'yar ƙorama ke fita, mata biyar ko shida suna wankin kuza. Na tsaya ina kallon hannuwansu. Mace za ta ɗebo ƙasa a kwanon sarki, ta juye kaɗan a ƙwarya, ta tsoma a ruwa, ta riƙa jujjuyawa tana karkatar da bakin ƙwaryar. Ruwan laka yana zubewa, yashi mara nauyi yana bin sa, a hankali a hankali har ya rage wani ɗan baƙin gari mai nauyi a gindin ƙwarya, wanda bai fi cikin cokali biyu ba. Shi ne kuzar. Ƙafafunsu cikin ruwan sanyi tun safe.

Na fara zana gaɓar da fentina. Bayan kamar awa ɗaya, babbar cikinsu, dattijuwa ce 'yar Birom mai ɗaurin ɗankwali biyu saboda sanyi, ta hawo tana goge hannu a zaninta. Ta gaida Baffa, sannan ta leƙo.

"Ɗana, wannan gaɓar ce kake yi?"

Na ce, "Ita ce, Mama."

Ta dubi takarda, ta dubi gaɓa. Ta ce, "Wannan jan naka na tumatir ne. Namu ba haka yake ba."

Ta sunkuya ta ɗauki wani ɗan curin ƙasa a gefen ƙafarta, ta tsoma shi a gwangwanin ruwana, ta murza a gefen takardar da babban yatsa. Na ɗaga takardar na saita ta da gaɓa. Ban iya gane inda takarda ta ƙare gaɓa ta fara ba. Kwana uku ina cakuɗa launi ina neman wannan jan, ga shi nan ina taka shi da takalmi.

Da ta ga yadda na yi shiru, sai ta ce in biyo ta, amma kada in matsa bakin ruwa, domin ramin yana da zurfi kuma ya ci mutane. Ta kai ni wani wuri da gaɓar ta zabtare, ta riƙa nuna mini da kara. Sama ja ce. Ƙasa da ita rawaya, kamar garin ɗorawa. Ƙasa da wannan kuma fara sol mai santsi, wadda ta ce da ita suke shafe ɗaki. Tsakanin farar da rawayar akwai wani siririn zare mai ruwan hoda. Na ciro ledojin da Inna ta zuba mana ƙosai a ciki, na ɗebi kowacce daban. Ta yi dariya ta ce, "Mu ƙasar muke zubarwa mu riƙe mai nauyi. Kai kuma abin da muke zubarwa kake so."

Da na dawo na tarar da Baffa zaune a kan dutse, ya ƙura wa ruwan ido. Na san kakanmu a Jos ya rasu, amma ban taɓa jin yadda aka yi ya zo ba sai ranar. A 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Japan ta ƙwace Malaya, ƙasar da ke hannun Ingila, inda ake haƙar kuza mai yawan gaske. Sai Turawan mulki suka juyo kan Filato, suka sa a riƙa ɗebo mutane daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas, abin da mutanenmu suka kira ɗiban gwamna, har zuwa 1944. Kakanmu yana cikin waɗanda aka ɗebo daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau, yana saurayi. Baffa ya ce mahaifin nasu bai cika son maganar ba, abu ɗaya kawai yakan maimaita: sanyi. Sun zo da riga ɗaya ɗaya, buhu ne bargonsu, kuma da yawa daga waɗanda suka zo tare ba su koma gida ba. Shi da aka sallame su sai ya zauna, ya koyi ɗinki, ya yi aure. Baffa ya nuna gaɓar da sandarsa ya ce, "Irin wannan ramin suka haƙa, ɗana. Diga da shebur da kwano a ka."

Ban ƙara taɓa fenti ba ranar. Na riƙe ledojin ƙasar a cinyata har muka iso gida.

Kwana biyu da suka biyo baya a madafar Inna na yi su. Abin da na yi shi ne wankin kuza, amma a juye. Na daka kowace ƙasa a ƙaramin turmi, na zuba a bokitin ruwa, na dama sosai, na ƙirga talatin don yashi da tsakuwa su kwanta. Sai na tsiyaye ruwan lakar da ke sama ta cikin tsohon ɗankwali zuwa wani kwano, na bar shi ya kwana. Da safe ruwa ya yi garau a sama, a ƙasa kuma wata laka mai laushi kamar kindirmo. Na zubar da ruwan, na shanya lakar a faranti, hunturun da ya hana ni sakat a Lamingo ya busar mini da ita kafin azahar. Na niƙa ta da gindin kwalba a kan fale-falen tayil har na daina jin ƙaras-ƙaras.

Saura abin da zai riƙe garin a takarda. A nan makarantar allo ta dawo mini. Wanda duk ya yi karatun allo ya san tawada: baƙin tukunya ko gawayi, da ƙaro. In ƙaro ya yi kaɗan, rubutu ya goge da an taɓa shi. In ya yi yawa, ya yi ƙyalli ya tsattsage. Fentin ruwan da na saya da tsada ma da ƙaro ake haɗa shi, irin wanda ake tsinta a jikin itatuwa a Borno da Yobe da Jigawa da Chadi da Sudan, a fitar da shi waje, ya dawo mana a cikin ɗan akwati. Auta ya sayo mini ƙaro a kasuwa. Na jiƙa ludayi ɗaya a ludayi biyu na ruwan ɗumi, ya kwana ya narke, na tace. Na ɗiga zuma kaɗan, domin zuma tana riƙe laima, ita ce za ta hana fenti saurin bushewa, na jefa kanumfari biyu don kada ya yi funfuna. Sannan na riƙa haɗawa da garin ƙasa kaɗan-kaɗan, ina gwadawa a takarda, in ya bushe in murza da yatsa. Sai a gwaji na biyar ya zauna, bai goge ba, bai tsage ba. Na zuba kowane launi a marfin kwalbar lemo.

Inna tana gefe tana yankan kabeji tana kallona. Da ta ga rawayar ƙasar sai ta ce, "Ka gasa ta mana ka gani. Ai tukunya ba ja ake gina ta ba, wuta ce ke mayar da ita ja." Ta ba ni tsohon kasko. Na zuba garin rawayar, na ɗora a garwashi ina juyawa. A gaban idona ya fara duhu, ya koma ruwan goro, daga nan ya zama ja mai zurfi, daban da jan da na ɗebo a saman gaɓa. Dalilin kuwa, abin da ke ba ƙasa launin rawaya da ja duk tsatsar ƙarfe ce. Ta rawayar tana riƙe da ruwa a cikin ƙwayarta, in zafi ya kore ruwan sai ta koma ja. Na san wannan a takarda tun ina ɗalibi. Inna kuwa a gindin murhu ta san shi.

Shuɗi ne ƙasa ba ta ba ni ba. Shi ma Inna ce ta warware, ta miƙo mini ƙullin bula da take sa wa fararen kayan Baffa. Da ƙaro ta zama shuɗi mai kyau, in na taɓa ta da farar ƙasa da ɗigon ja sai ga hazon hunturu sak. Baƙi kuma na kankaro daga gindin tukunya.

Ba duk gwajin ne ya yi ba. Zobo ya yaudare ni. A jiƙe ja ne mai ɗaukar ido, in ka ɗiga lemon tsami ya ƙara haske, in ka taɓa shi da ruwan kanwa ya juye ya koma kore-kore mai duhu. Na yi murna na ce na samu launi uku a abu ɗaya. Na shafa a takarda, na rufe rabi da littafi, na ajiye a kan rufin kwano. Bayan kwana biyu rabin da rana ta gani ya kuɗe ya zama toka-toka. Ruwan shayi ya fi shi juriya, ya kuma yi kyau a busasshiyar ciyawa. Ƙasa kuwa da na yi mata irin wannan gwaji, ko gezau. Abu ɗaya da na kiyaye: ban taɓa baƙin yashin da ake tarawa a wuraren tace kuza ba, domin yana ɗauke da ma'adinai masu fitar da wani haske mai cutarwa da ido ba ya gani. Na kuma bar ɗabi'ar tsotsar bakin buroshi don ya yi tsini, in zan niƙa busasshen gari kuma sai na rufe hanci.

Da waɗannan marafan kwalba guda bakwai muka tafi Riyom, kimanin kilomita 25 daga Jos a kan hanyar Akwanga, inda duwatsun nan suke da suka hau kan juna, waɗanda mutane ke cewa sun yi kama da taswirar Jihar Filato. Ƙarfe bakwai na safe na kafa allo. A wannan karon ban ɗauko babbar takarda ba, ƙanana uku na yanka, kowacce kamar tafin hannu biyu.

Masu zane a Turai ma sai da aka ƙirƙiro bututun matsa fenti a 1841 fita zane a fili ta yi musu sauƙi. Kafin nan da yawa daga cikinsu niƙa garinsu suke yi, kamar yadda na kwana biyu ina yi. Wani daga cikinsu, Claude Monet na Faransa, ya zana fuskar majami'a ɗaya sama da sau talatin, a lokuta daban-daban na yini. Da na fara karanta wannan na ɗauka naci ne kawai. A Riyom na gane dalilinsa. Dutsen ƙarfe bakwai daban yake da na azahar. Da safe rana tana dukansa daga gefe, kowane tsagi ya fito, gefe ɗaya ruwan zuma, ɗaya gefen shuɗi. Ina cikin aiki, kafin minti arba'in, inuwar da na fara da ita ta janye ta bar wurin. Na bi ta na gyara, ta sake matsawa, takardar farko ta lalace a garin bin inuwa. A ta biyu na canza dabara. Cikin minti goma na farko na shimfiɗa duk inuwoyin da bula da baƙin tukunya, na ce wa kaina nan suke, ko rana ta je ina. Sannan na bi da rawaya da ja a nitse. Zumar ta yi aikinta, fenti ya riƙa jirana har in dawo. Ta kuma jawo mini ƙudan zuma biyu da suka yini suna zagaya marafan, ban kore su ba, su ma ba su taɓa ni ba.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne shingen ƙerana da manoman wurin ke kewaye gonakinsu da shi. Korensa ba kore ne mai haske ba, ya sha ƙura, ya yi toka-toka. Na haɗa bula da rawayar ƙasa, haɗi ɗaya, sai ga shi. Launukan ƙasa ba sa faɗa da juna, duk yadda ka cakuɗa su ba sa komawa caɓi, kamar 'yan ɗaki ɗaya. Tsagin duwatsu kuma da alƙalamin kara na yi su, irin na rubutun allo, wanda Baffa ya fiƙe mini da daddare. Garin ƙasar bai kai na kanti laushi ba, yana kwanciya a ramukan takarda ya bar ɗigo-ɗigo, wannan ɗigon kuwa shi ne ainihin fatar dutsen.

Yara sun taru a bayana tun hantsi. Da farko shiru suka yi, daga baya suka fara gardama a kan wane dutse nake yi. Wani ƙarami ya ce na manta da itacen da ya tsiro a tsagin sama. Na duba, da gaskiyarsa, na sa shi. Da la'asar na yi ta uku, lokacin da dutsen ya yi ja kamar garwashi, jan da na gasa a kaskon Inna shi ya ɗauke ta. Kafin mu tashi na ba yaran sauran takardu da marfi biyu, na nuna musu yadda za su wanke ƙasar bayan gidansu.

Ana gobe zan tafi na koma bakin tafkin, na gaida mai unguwa, na sake zana gaɓar da ƙasarta. Ban sa matan a ciki ba, amma na sa kwanon sarki ɗaya a kife a bakin ƙorama, da ƙwarya a kansa. Dattijuwar ta hawo ta duba. Na ba ta sukari da ganyen shayi da na riƙo mata, ta sa mini albarka. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Yanzu kam namu ne."

Wannan zanen yana zauren Baffa. Shi ya zaɓe shi da kansa daga cikin duka, ya sa Auta ya kai a yi masa gilashi, ya ce a rataye shi saitin inda yake zama, kusa da tsohon keken ɗinkin mahaifinsu.

Na baro Jos da sassafe da kwalabe bakwai naɗe cikin rigar sanyin da Inna ta ce in tafi da ita, da buhun dankalin Turawa, da allon a but. A Saminaka direba ya tsaya shan mai. Ta taga na hango wani kwazazzabo a bayan gidan man, bakinsa da wata irin ƙasa mai duhu kamar makuba, wadda babu irinta a kwalabena. Na ce, "Direba, don Allah minti biyu." Na ɗauki cokali da leda na sauka.